Fafaroman da Aka Ce Ya Yi Karatu a Fas

A wajen wata lacca da aka yi a unguwarmu cikin azumin da ya wuce, malamin da ya yi magana a kan gudummawar Musulmi ga ilimi ya kawo labarin da ya sa zauren ya ɗauki kabbara. Ya ce akwai wani saurayi Bafaranshe da ya ɓad da kama, ya naɗa rawani, ya saje da ɗaliban Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, ya koyi hisabi da ilimin taurari a gaban malaman Musulunci, ya koma gida da lambobin Larabci har da sifiri, daga baya kuma ya zama Fafaroma Silbesta na Biyu. Ba ranar na fara jin labarin ba. Na ji shi a rediyo, na gan shi a ƙasidun ɗalibai, yau a ce Fas, gobe a ce Ƙurɗuba, wani ma ya haɗa masa duka biyun. Ni kaina na taɓa ba da shi a aji, da bakina, ina jin daɗi.

Malamin nan ya girme ni, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, kuma maganar da yake son kafawa gaskiya ce: Turai ta ɗebi ilimi mai yawa daga hannun Musulmi. Inda na saɓa da shi, cikin ladabi, shi ne shaidar da ya kira. Ko mai gaskiya yakan faɗi a gaban alƙali idan ya tsayar da shaidar da ba ta ga komai ba. Mu kuwa da muka gaji ilimin isnadi, aka koya mana mu tambayi kowane labari wa ya faɗe shi, daga wa ya ji, ya riski wanda yake ba da labarinsa ko bai riske shi ba, ba mu da uzurin jingine wannan ma'auni don kawai labari ya yi mana daɗi a kunne.

Mutumin dai an yi shi. Sunansa na asali Gerbert, an haife shi wajajen 946 a yankin Auvergne, ƙasar duwatsu da ke tsakiyar Faransa. Ɗan talakawa ne, ya tashi a gidan ruhubanawa na garin Aurillac, inda ya koyi Latin da nahawunsa. Wanda ya fi kowa ba mu labarin ƙuruciyarsa shi ne Richer, wani ruhubani na birnin Reims da ya zauna gari ɗaya da shi, ya san ajinsa da kayan koyarwarsa, ya rubuta littafin tarihinsa a shekarun 990 tun Gerbert yana raye, ya kuma sadaukar masa da littafin. Rubutun hannun Richer yana nan har yau a birnin Bamberg na Jamus. A ma'aunin malaman hadisi, wannan shi ne marawaicin da ya riski mai labari.

Abin da Richer ya ce shi ne, Borrell, mai mulkin Barsalona, ya zo ziyarar ibada Aurillac, a shekarar 967 bisa lissafin masana tarihi. Shugaban gidan ya tambaye shi ko a ƙasarsu akwai malaman da suka ƙware a fannonin ilimi. Da ya ce akwai, sai aka haɗa shi da saurayin. Borrell ya damƙa shi a hannun Atto, bishop na garin Vic, a wurinsa ya yi karatun lissafi mai zurfi. A 970 Borrell da Atto suka tafi da shi Roma. Fafaroma Yohana na Goma Sha Uku ya ga yaron ya san ilimin taurari da ƙa'idojin sauti, abin da ya yi ƙaranci a Italiya a lokacin, sai ya ba Sarki Otto na Ɗaya labarinsa, aka riƙe shi. Daga nan ya wuce Reims a 972 don ya koyi manɗiƙi, har ya zama shugaban makarantar babban cocin garin. Zamansa na Sifaniya ke nan duka: kimanin shekara uku, a hannun bishop, a ƙasar Kirista. Richer bai ambaci Fas ba, bai ambaci Ƙurɗuba ba, ga shi kuwa mutum ne mai son kambama Gerbert, wanda ya cika shafuka yana siffanta kowace na'ura da ya ƙera. Wani zai ce ai ɓoyewa ya yi, don zuwa ƙasar Musulmi abin kunya ne a wurinsu. Zamanin bai nuna haka ba. Wani ruhubani mai suna Yohana na Gorze ya je Ƙurɗuba a 953 a matsayin jakadan Otto zuwa ga Halifa Abdurrahman na Uku, ya yi kusan shekara uku a can, kuma marubucin tarihin rayuwarsa ya ba da labarin tafiyar filla-filla, ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

To, idan a Vic ya tsaya, ina ya gamu da ilimin Musulmi? A nan ne nake ganin labarin rawani ya rufe mana ido daga abin da ya fi shi ban sha'awa. Barsalona ta fita daga hannun Musulmi tun 801, amma iyaka tana bakin ƙofarta. Ɗurɗusha da Larida da Saraƙusɗa duk garuruwan Musulmi ne a lokacin, kuma iyakar ba katanga ba ce. Fatake suna ƙetarawa, jakadu suna ƙetarawa, haka Yahudawa da Kiristocin Andalus waɗanda Larabci ya zama harshen karatunsu. Mas'udi ya ba da labarin wani littafi kan sarakunan Faransa da Gotmar, bishop na Girona, ya rubuta wa Hakam ɗan Abdurrahman wajajen 940, tun kafin Hakam ya hau gado. Shi Borrell ɗin da ya ɗauko Gerbert ya aika jakadu fadar Hakam a 971 da 974, Ibn Hayyan ya adana labarin a cikin Al-Muƙtabis. Hanyar da ta ɗauki jakada kuwa za ta ɗauki littafi. A gidan ruhubanawa na Ripoll, arewa da Vic kaɗan, an sami wani kundi na kusa da wannan zamani mai bayanin usturlabi, na'urar tagulla da ake auna tsayin taurari da sanin lokaci da ita. An rubuta shi da Latin, amma sunayen taurari da na sassan na'urar Larabci ne da aka juya da baƙaƙen Latin, kamar yadda ɗalibinmu yakan rubuta kalmar Larabci da boko idan ya rasa fassararta. Ilimin Ƙurɗuba ya riga ya yi tattaki da ƙafarsa zuwa inda Gerbert yake.

Shaida mafi ƙarfi daga bakinsa take. Wasiƙunsa sama da 200 sun iso gare mu, cike da ƙorafi da siyasa da roƙon littattafai, domin mutum ne da ya dame abokansa da a kwafo masa wannan, a aiko masa da wancan. A 984 ya rubuta wa wani malami a Barsalona mai suna Lupitus, yana roƙon ya aiko masa da littafin ilimin taurari da ya fassara, ya kuma ce ya faɗi duk abin da yake so a madadinsa. A shekarar kuma ya rubuta wa bishop na Girona yana neman wani ɗan littafi kan ninkawa da rabawa na wani Yusufu mutumin Sifaniya. Mu tsaya a kan wasiƙar farko. Mutumin da ya yi shekaru a zauren Ƙarawiyyin, ya saje da ɗalibai har ba a gane shi ba, dole Larabcinsa ya nuna. Me zai sa irin wannan ya riƙa roƙon fassara? Asalin littafin zai nema. Wanda ya sauke Ishriniya a gaban malami ba ya yawon neman wanda zai karanta masa ita. A duk wasiƙun nan babu inda ya tuna da wani malami Musulmi, ko wani gari na Musulmi da ya zauna, alhali malaminsa na nahawu a Aurillac, Raymond, ya sha yabo da godiya a cikinsu. Abin da wasiƙun suke nunawa shi ne, shekara goma sha huɗu bayan ya bar Sifaniya, babban malamin Reims, wanda manyan gidaje ke turo wa 'ya'yansu, ya san cewa ilimin taurari na ƙwarai yana cikin littattafan Larabci, kuma bai ji kunyar miƙa hannu ba. Ni a wurina wannan yabon ya fi na rawani nauyi.

Batun Fas shi ne mafi rauni, ko da yake shi ya fi shiga ranmu, kuma na san dalili. Rubutun allonmu na Magrib ne, ƙira'armu Warshu ce, mazhabarmu Malikiyya, kuma dubban mutanenmu suna zuwa Fas ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani. Duk abin da ya ɗaga Fas kamar ya ɗaga mu ne. Amma babu marubuci ko ɗaya na zamanin Gerbert, Balarabe ko Bature, da ya kai shi Fas. Ko maƙiyansa da suka ƙaga masa tafiye-tafiye a Andalus suka tsayar da shi, ba su ƙetara da shi teku zuwa Maroko ba. Masallacin Ƙarawiyyin tsohon gaske ne, bisa riwayar Ibn Abi Zar'in Faɗima al-Fihriyya ce ta kafa shi a 859, kuma hasumiyarsa ta 956 da kuɗin halifan Ƙurɗuba aka gina ta. Sai dai a shekarun da ake magana Fas tana tsakiyar ja-in-ja tsakanin Faɗimiyyawa da Umayyawan Andalus, rundunar wannan ta shiga, ta wancan ta fitar da ita. Shahararta a matsayin garin karatu ta fi bayyana ne daga baya, musamman zamanin Banu Marin, waɗanda suka gina madarasar Saffarin wajajen 1271 da ta Aɗɗarin a shekarun 1320. Mai neman hisabi da falaki a 967 Ƙurɗuba zai nufa, garin ɗakin karatun Hakam na Biyu, garin da Maslama al-Majriɗi ya yi suna.

Ƙurɗuba kam tana da marawaici ɗaya, adalci ne a faɗe shi. Ademar na Chabannes, wani ruhubani daga kudu maso yammacin Faransa, ya rubuta fiye da shekara ashirin bayan rasuwar Gerbert cewa neman hikima ya kai shi har Ƙurɗuba. Jimla ɗaya ce, ba sunan malami, ba shekara. Ademar yana yaro Gerbert ya rasu, kuma masana sun kama shi da ƙirƙirar takardu don ya tabbatar da cewa waliyyin garin Limoges, Martial, yana cikin manzannin Annabi Isa. Malaman rijalu sun san sunan da ake ba irin wannan marawaici. Duk da haka hanya a buɗe take, kuma akwai masana na kirki da suke ganin ziyara ta ɗan lokaci mai yiwuwa ce. Abin da ya hana ni karɓar cewa karatu ya zauna ya yi a can shi ne karatun nasa da kansa. Musulmi sun mallaki littafin Iƙlidis na handasa da Larabci tun zamanin Haruna Rashid. Sun mallaki aljabarar Khuwarizmi tun farkon ƙarni na tara. Handasar Gerbert kuwa daga marubucin Latin Boethius take da littattafan ma'aunan gonaki na tsohuwar Roma, irin waɗanda aka adana a Bobbio, gidan ruhubanawan Italiya da ya shugabanta na ɗan lokaci a farkon shekarun 980. Akwai wasiƙarsa ga wani malami mai suna Adelbold, inda ya zauna yana warware dalilin da ya sa hanyoyi biyu na auna faɗin fili mai kusurwa uku suke ba da amsa daban-daban. A Reims wannan ilimi ne mai tsada. A gaban Maslama darasin masu farawa ne. Cikakken Iƙlidis bai shiga Latin daga Larabci ba sai a ƙarni na goma sha biyu, ta hannun Adelard mutumin Bath. Wanda ya shiga rumbu ba ya fitowa da zangarniya biyu. Gerbert a bakin ƙofa ya tsinci abin da ya zubo, sai dai ya yi aiki da shi fiye da kowa a ƙasarsu.

To daga ina labarin zama a gidan malami Musulmi ya fito? Wannan ne ɓangaren da ya sa na daina ba da shi a aji. Gerbert ya tara maƙiya. Ɗan talaka ne da ya haye kujerun da 'ya'yan sarauta suke ganin nasu ne. Yana cikin waɗanda suka taimaka wa Hugh Capet ya zama sarkin Faransa a 987. A 991 taron bishop-bishop a Saint-Basle ya tuɓe Arnulf, babban bishop na Reims, ɗan tsohon sarki Lothair, bisa laifin cin amanar sarki, aka ɗora Gerbert a gurbinsa. Roma ta ƙi yarda, shi kuma ya rubuta bayanin taron da kalamai masu zafi a kan lalacewar fafaromomin zamanin. Ƙarshe kujerar ta gagare shi, ya koma fadar Otto na Uku. Irin wannan mutum, mai kallon taurari ta cikin bututu da dare, mai lissafi da alamomin da ba wanda ya saba gani, ba a rasa abin da za a jefe shi da shi. Mu ma nan mun san yadda ake yi wa malamin da ya cika shiga hisabi kallon ɗan tsibbu.

Fiye da shekara tamanin bayan rasuwarsa, wani kadinal mai suna Beno, wanda ya juya wa Fafaroma Gregori na Bakwai baya, ya so ya nuna cewa Gregori matsafi ne. Sai ya ƙulla masa silsila: ya koya daga wane, wane kuma ya koya daga Gerbert, wanda ya yi mu'amala da shaiɗanu. Wajajen 1125, bayan yaƙin Salibiyya na farko ya riga ya cika Turai da ƙiyayyar Musulmi, William na Malmesbury a Ingila ya sa wa labarin nama. A riwayarsa Gerbert ya gudu daga gidan ruhubanawa da dare, ya tafi wajen Musulmin Sifaniya, ana ambaton Ishbiliya, ya koyi duba da kukan tsuntsaye da tashinsu, da kiran ruhohi daga wuta. Ya sauka a gidan wani masani mai littafin asiri da ya hana shi. Sai ya haɗa baki da 'yar mutumin, ya bugar da uban da giya, ya zare littafin daga ƙarƙashin matashi, ya gudu. Masanin ya bi sawunsa ta hanyar duba taurari, shi kuma ya rataye kansa a ƙarƙashin wata gadar katako, bai taɓa ƙasa ba bai taɓa ruwa ba, don taurarin su ɓata lissafi. Da ya isa bakin teku ya kira Iblis ya yi masa mubaya'a don ya ƙetarar da shi. Daga baya wai ya ƙera wani kai na ƙarfe mai amsa tambaya da i ko a'a.

Wannan ita ce tsohuwar riwayar da ta zaunar da Gerbert a gaban malami Musulmi dalla-dalla. Ka duba yadda ta siffanta malamin: boka, mashayi, mai 'yar da ta ci amanarsa. Zagi ne aka yi wa Gerbert, kuma sandar da aka doke shi da ita mu ne. Marubutan baya suka wanke tsafin suka bar tafiyar, wasu suka canza garin, har ta iso hannunmu tana ƙyalli muka rataya ta a wuya. Ba na jin malamin laccarmu zai so ya ci gaba da ba da ita idan ya ga inda aka haƙo ta.

Saura lambobi da sifiri. Nan ma akwai gaskiya a ciki, sai dai an ƙara mata gishiri. Richer ya ce Gerbert ya sa wani maƙerin garkuwa ya yi masa allon lissafi mai layi 27, da 'ya'ya dubu na ƙaho, kowanne an zana masa ɗaya daga alamomi tara. Ka ɗauka dara ce: layi na farko gidan ɗaya-ɗaya, na biyu gidan gomomi, na uku gidan ɗaruruwa. Maimakon ka zuba tsakuwa bakwai a gida, sai ka ajiye ɗa guda mai alamar bakwai. Da wannan yake ninkawa da rabawa cikin saurin da ya ba mutanen Reims mamaki. Alamomin da aka gani a irin waɗannan alluna a kundayen da suka biyo baya sun yi kama da lambobin gubari na Andalus da Magrib, kuma sunayen da aka ba wasunsu sun tona asalinsu: huɗu arbas, biyar quimas, takwas temenias. Bahaushen da ke cewa arba'in da hamsin da tamanin ba ya bukatar tafinta a nan. Amma a kan allo mai gidaje, idan babu komai a gidan gomomi, barinsa ake yi fayau. Ba a bukatar sifiri, kuma alamomin Gerbert tara ne. Ba shi ne kuma ya fara rubuta su a littafin Latin ba. A 976 wani ruhubani mai suna Vigila, a gidan Albelda da ke arewacin Sifaniya, ya rubuta lambobin tara a kundinsa, ya jingina su ga hazaƙar mutanen Indiya, kamar yadda su Khuwarizmi da Uƙlidisi suka kira fannin hisabin Hindu. Malamanmu ba su ɓoye inda suka samo ba.

Lissafi da alƙalami a kan takarda, da sifiri a gurbinsa, ya shiga Turai ne bayan fiye da ƙarni guda, lokacin da aka fassara littafin Khuwarizmi a ƙarni na goma sha biyu, zamanin da Ɗulaiɗila, wadda ta faɗa hannun Kirista a 1085, ta zama matattarar masu fassara irin su Gerard na Cremona. Kuma idan Bature ake nema wanda ya koyi hisabi a ƙasar Magrib, akwai shi, da shaidar bakinsa. Leonardo na Pisa, wanda ake kira Fibonacci, ya faɗa a gabatarwar littafinsa na 1202 cewa mahaifinsa, ma'aikacin fataken Pisa a Bijaya ta Aljeriya ta yau, ya kira shi can yana yaro aka sa shi koyon lissafi da alamomin Indiya. Ga shaidar da ta gani da idonta, mun bar ta a zaune muna kiran wadda ba ta je wurin ba. Ko bayan Fibonacci abin bai karɓu nan take ba, domin a 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Florence ta hana mambobinta rubuta lissafin kasuwanci da waɗannan lambobi.

Sarautarsa ta Roma gajera ce. Otto na Uku, saurayin da ya ɗauke shi malami, ya sa an ba shi kujerar babban bishop na Ravenna a 998, da Fafaroma Gregori na Biyar ya rasu kuma ya ɗora shi a kujerar fafaroma a watan Afrilu na 999, Bafaranshe na farko da ya hau ta. Ya zaɓi sunan Silbesta don tunawa da fafaroman zamanin Sarki Kustantin, wato shi da Otto za su maido da tsohuwar daula. Abu ɗaya da ya yi ya burge ni: ya tabbatar wa Arnulf, mutumin da suka yi shekaru suna jayayya, kujerar Reims. A zamaninsa aka kafa kujerar babban bishop a Gniezno ta Poland a shekarar 1000, aka kuma naɗa Istifanus sarkin Hangari. Yana kan kujerar ma Adelbold ya aiko masa da rubutu kan yadda ake auna girman dunƙulallen abu kamar ƙwallo. Tun kafin wannan ƙasar da ta koyar da shi ta sha wuta, domin Mansur ɗan Abi Amir, mai iko a Ƙurɗuba, ya ci Barsalona ya ƙone ta tun 985, shekara ɗaya bayan wasiƙar da aka aika wa Lupitus. Littafi da takobi hanya ɗaya suka bi.

A 1001 mutanen Roma suka yi bore, shi da Otto suka fice. Otto ya rasu a watan Janairu na 1002 yana da shekara 21. Silbesta ya dawo Roma ba ƙarfi a hannunsa, ya rasu ranar 12 ga Mayu, 1003, aka binne shi a cocin Lateran. Masu tatsuniya ba su ƙyale shi ba ko a nan. Suka ce kan ƙarfen ya yi masa alkawarin ba zai mutu ba sai ya yi ibada a Ƙudus, shi kuma ya manta akwai wani coci a cikin Roma da ake kira da sunan Ƙudus. Da ya gane an yaudare shi, wai sai ya yi wasiyya a daddatsa gawarsa gunduwa-gunduwa don tuba. A 1648, ana gyaran cocin Lateran, aka buɗe kabarin. Rasponi, ɗaya daga limaman cocin, ya rubuta cewa an same shi kwance cikakke, cikin kayan sarautarsa, hannuwa a harɗe, da iska ta shiga sai ya zama ƙura.